Na Rage Wa Motata Tsayi, Na Kusa Yin Hasara

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in bayyana wa 'yan'uwana masu karatu abin da ya same ni da motata, gama na ga samari sun fara sha'awar irin abin da na yi, ba su kuwa san inda yake kai mutum ba.

Ni akawu ne, aikina rubutu da lissafi, ban taɓa koyon aikin ƙarfe ba. Shekara shida ina tara ɗan abin da ya ragu daga albashina, kana na sayi tsohuwar a-kori-kura, Toyota Hilux irin wadda ƙafafun baya kaɗai ke ja, domin in riƙa ɗauko hatsi daga ƙauyenmu ran Asabar. Ba ta taɓa ba ni wahala ba. Wata rana ɗan wana ya nuna mini hotunan motocin Amurka a wayarsa, waɗanda aka saukar da su har cikinsu ya kusa shafar ƙasa. Na ce wa uwargida zan yi wa tawa haka don tsohonmu ya ji sauƙin hawa, masu loda buhu kuma su huta. Amma in za a faɗi gaskiya, kyau ne ya ruɗe ni.

Aikin bai ci yini guda ba. A baya, aksul yana zaune bisa sifirin, watau faifayen ƙarfen nan da aka jera bisa juna. Wani yaro makanike ya sa dunƙulen ƙarfe mai kaurin inci 3 a tsakaninsu kowane gefe, ya ɗaure da dogayen ƙusoshi. Aksul ya hau, jikin mota ya sauka. A gaba kuwa sandar ƙarfe ce mai murɗewa ke riƙe da nauyi, sai ya sassauta notinta har gaban ya sauka inci 2. Da na shigo unguwa yara suka bi ni da gudu, ni kuwa kaina ya kumbura.

Asabar ta farko na lafta mata buhu takwas na masara, abin da ta saba ɗauka ba ko nishi. Ban yi mil ɗaya ba na ji gwaf, kowane rami gwaf. Ashe akwai wata roba tsakanin aksul da shasi, da ratar da masu ƙera motar suka bari don sifirin ya sami wurin lanƙwasa, ni kuwa na cinye inci 3 daga cikinta. Dole na koma na sauke buhu uku. Bayan wannan sai karkarwa ta zo. Da zarar gudu ya kai wajen kilomita 60 sai kujera ta kama rawa, madubi ya dushe. Muka zargi taya, muka zargi inji, na sake mahaɗin farfela da kuɗina, karkarwa tana nan. Tayoyin gaba kuma suka soma cinyewa ta gefen ciki kaɗai.

Duk wannan hasarar kuɗi ce, da na jure. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne cikin watan Agusta a hanyar Giwa, bayan an ɗauke ruwa. Bayan mota ba kaya, uwargida tana gefena da 'yarmu a cinyarta. Akuya ta gitta, na taka birki, ba ma da ƙarfi sosai ba. Sai ƙafafun baya suka ƙame, bayan motar ya sulale ya zagayo, muka tsaya muna fuskantar inda muka fito, taku biyu daga bakin kwalbati. Allah ya kiyaye, ba wata mota a bayanmu. Uwargida ba ta ce mini uffan ba har muka isa gida, shirun nan kuwa ya fi mini faɗa zafi.

Kashegari na kai ta wurin wani dattijon makanike. Bai taɓa birkin ba tukuna, sai da ya kwanta ƙarƙashinta ya daɗe, kana ya ce, "Malam Akawu, sunkuyo ka gani." Ya nuna mini wani ɗan bawul a jikin shasi, da siririyar sanda da ta haɗa shi da aksul. Ya ce aikinsa auna kaya ne. Kadan an yi lodi mota ta sauka, sandar takan tura shi ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Kadan ba kaya sai ya rage, don kada ƙafafun baya su ƙame. Na ce, "To Baba, ai ranar ba kaya." Ya ce, "Kai ka sani, shi bai sani ba. Tun ran da ka saukar da ita yake zato buhu goma ke kanta." Ni da aikina ke nan tsare ma'auni a ofis, ga shi na ɓata ma'aunin da ran iyalina ke rataye a kai, ban ko san yana nan ba.

Sauran ya warware su a taƙaice. Karkarwa daga farfela take, gama an karkatar da ita daga yadda aka tsara ta zauna tsakanin giya da aksul, maganinta kuwa ɗan ƙarfe ne mai siffar bakin gatari da ake sawa a maido da karkatar. Cin taya daga saukar gaba ne, kan ƙafafun ya jingina ciki, ba a kuwa sake daidaita su ba. Kana ya sa sanda a ƙasa ya nuna mini ƙusoshin nan dogaye, sun leƙo har sun kusa wuce bakin ƙarfen taya. Watau da taya ta fashe ina gudu, ƙusa za ta iya riga ƙarfen taya taɓa kwalta.

Daga baya na karanta cewa a can Kalifoniya, inda 'yan asalin Meksiko na birnin Los Anjeles suka shahara da wannan ado, an kafa doka a 1958 da ta hana wani sashe na mota ya sauka ƙasa da bakin ƙarfen taya, ba a soke ta ba sai a 2023. Su ma masu abin sun daɗe da sanin wannan haɗari, ga shi kuwa nasu motocin na yawon yamma ne bisa titi mai santsi, ba na ɗaukar masara ba.

Dattijon ya ce duk ana iya gyarawa a bar ta a ƙasa: a matsar da mariƙin sandar bawul daidai da inci 3 ɗin, a sa ƙarfen karkata, a rage robar, a daidaita ƙafafu, a kuma gyara saitin fitilu. Amma buhu takwas, ya ce, sai dai in manta da su. Na yi lissafi a bayan ambulan, na ce ya cire dunƙulen ya maido ta yadda take. Ga tsohonmu kuwa na sa kafinta ya yi ɗan matakin katako, muna ajiye shi bayan kujera. Tayoyin gaba biyu sai ƙarshen wata in an yi albashi.

Ka huta lafiya.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.