Kan Sarkin da Babu Sarki

Mu da muka tashi a ƙasar Kura mun san Nijar ta hanyar rini tun kafin mu gan ta a taswira. Turkuɗi da rawani ɗan Kura sun daɗe suna tafiya Damagaram da Agadas, amsarsu kuwa takan dawo cikin ambulan. Iyayenmu su karanta lissafi su ajiye, mu kuma mu ɓamɓare kan sarkin.

Sunan ma abin lura ne. Kan sarki muke cewa domin na Ingila hoton sarkinsu yake ɗauke da shi. Na Nijar kuwa sai mu ga gauraka ko raƙumin dawa. In ka shafa shi da yatsa za ka ji kaushi, kamar zanen ƙwarya.

Dalilin kaushin shi ne sassaƙa. Yawancin waɗannan a Faransa aka buga su, inda tun 1928 aka fara yi wa kan sarki irin wannan aiki. Masassaƙi yakan sami ɗan guntun ƙarfe mai laushi, ya duƙufa da madubin ƙara girma da tsinken ƙarfe mai kaifi, yana haƙa layi ɗaya bayan ɗaya, a juye, dama ta koma hagu. Yakan yi makonni a kan filin da bai wuce babban yatsa biyu ba. Daga nan a ƙarfafa ƙarfen, a kwafe shi a kan abin bugu. Tawada ta kwanta cikin ramukan, a share saman, a danna takarda ta tsotso ta. Wanda ya taɓa ganin an saki ruwan Tiga cikin magudanan Kadawa ba ya bukatar ƙarin bayani: inda aka haƙa, nan ruwa yake bi.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne ɗan rubutun da ke ƙasa ko gefe, wanda sai an matse ido ake karanta shi. Sunan mai aikin ne. Ta haka masu tara kan sarki suka san Pierre Gandon, wanda ya sassaƙa wa Faransa da ƙasashen Afirka masu yawa, ya rasu a 1990. Tun 1970 maɗaba'ar ta koma yankin Périgueux, a 2005 kuma aka kafa ƙungiyar kare wannan sana'a, ganin bugun zamani mai arha yana neman shafe ta.

To, mu fa? Rawanin da ya jawo wasiƙar, wa ya rina shi, wa ya buge shi har ya yi ƙyalli? Babu wanda ya rubuta. Mu marubuta, da muke rigima kan girman sunanmu a bangon littafi, muna iya kawo sunan Bafaranshen da ya zana raƙumin dawa, amma tsofaffin marinan Kura suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, karofi da yawa sun cike da ƙasa, ba mu je da biro mun zauna da su ba.