Saitin mita 50 da jarkar maƙwabtanmu

1/ Jiya wani ya turo mini saƙo yana tambaya: "Malam, a mita nawa zan saita madubin bindigar iska?" Na fara ba shi amsa a layi ɗaya, sai na goge. Bari in ba ku labarin yadda ni na samo tawa amsar, don saura ƙiris ta zo mini da tsada. Zaren yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Ni ɗan Tsaskiya ne, ƙaramar hukumar Safana. Wanda ya san yankinmu, daga nan har Batsari, ya san abin da zama kusa da dajin Rugu ya jawo mana. Gonakin nesa da yawa an bar su. Ɗan abin da aka noma kusa da gari kuma ba a barinsa ya kwana a gona, ana yankewa ake kwaso shi gida.

3/ To da kaka sai bayan gidanmu ya koma masussuka. Dammunan gero a jingine, wake a shanye. Kurciya da hasbiya suka mai da wurin gidan biki, da dare kuma gafiya ta karɓi aiki a gindin rumbu. Inna ta gaji da kora. Shi ne yayana da ke Kano ya aiko mini da bindigar iska, irin mai karyawa, mai cin ƙwayar dalma 5.5, da madubinta a sama.

4/ Nan na fara wauta. Na kwana ina kallon bidiyon Turawa a YouTube suna harbin gwangwani a mita 50, mita 70. Na ce ai ni ma ba a bar ni a baya ba. Na je fili na auna mita 50, na kafa kwalin taliya, na yini ina murɗa saiti har ƙwaya ta fara faɗawa kusa da tsakiya. Na dawo gida ina jin kaina kamar wani soja.

5/ Washegari da hantsi kurciya ta sauka a kan katangar bayan gida. Tsakanina da ita bai fi taku 25 ba. Na ɗora mata tsakiyar layin madubi daidai ƙirji, na ja kunama. Ta tashi abinta, ko gashi ɗaya bai faɗo ba. Sai na ji "ƙwas" a bayan katanga, sai ihun yarinya.

6/ Wallahi ban san lokacin da na jefar da bindigar ba. Na zagaya da gudu ba takalmi. Ƙwayar ta tsallake katanga ta huda jarkar ruwa a tsakar gidan maƙwabtanmu. Ɗiyarsu, wadda ba ta wuce shekara shida ba, tana tsugune a gefen jarkar tana wanke kwano. Ruwa na tsiyaya ta hujin, ita kuma tana kuka don tsoro. Tsakanin hujin da kanta bai kai kamu biyu ba.

7/ A garin da ko tayar babur ta fashe sai mata sun fara neman 'ya'yansu, ku ƙiyasta yadda unguwa ta ɗauka. Baba bai yi mini faɗa a gaban mutane ba. Ya ja ni muka je muka ba maigidan haƙuri, na sayi sabuwar jarka. Da muka dawo ya ce, "Kai bindigar nan ɗakin kawunka. In ya ce ka iya, ka ɗauko."

8/ Kawu tsohon maharbi ne, da bindigar toka ya yi zamaninsa, bai taɓa leƙa madubi ba. Na fara yi masa bayanin mita 50, ya katse ni.
"Tsuntsun da ke cin geron uwarka, a ina yake sauka?"
Na ce a katanga, da kan rumbu, da bishiyar dalbejiya.
"Ka taka ka ƙirga?"
Na ce a'a, Kawu.
"To je ka taka, ka dawo mu yi magana."

9/ Na ari tef ɗin awo wurin wani magini. Daga inda nake zama a ƙofar zaure: gindin rumbu mita 7, shanyar wake mita 14, katanga mita 19, dalbejiya mita 26. Iyakar duniyar bindigata ke nan. Babu wani abu da zan taɓa harbi a mita 50, in ban da gidajen mutane.

10/ Sai daga baya na zauna na fahimci abin da ya faru, kuma nan ne yawancinmu muke ruɗewa. Madubi yana zaune ne a saman bututun bindiga, a tawa kusan santimita 4 da rabi. Ganin idonka ta madubi miƙaƙƙe ne kamar igiyar magini. Ita kuwa ƙwaya tun da ta bar bututu take fara faɗuwa, kamar dutsen da ka jefa.

11/ Don su haɗu, saiti yana sa bakin bututu ya ɗan kalli sama. Ƙwaya ta fito daga ƙasan layin ganinka, ta hau ta ratsa shi, ta yi ɗan tudu a samansa, sannan ta sauko ta sake ratsa shi. Wato kowane saiti wuri biyu yake da shi inda ƙwaya ke faɗawa daidai tsakiya, na kusa da na nesa. Tsakaninsu tana sama. Kafin na farko da bayan na biyu tana ƙasa.

12/ Ƙwayar bindigar iska ba ta da gudun harsashi, irin tawa wajen mita 200 take yi a daƙiƙa, kuma tana rage gudu da sauri. Kafin ta kai mita 50 ta faɗi sosai. In ka tilasta mata ta faɗa tsakiya a can, tudun da za ta yi a hanya babba ne. Na gwada a kwali ba tare da na taɓa saitin ba: a mita 20 tana bugawa kusan santimita 7 sama da inda na nufa. Yatsu huɗu. Kurciya gaba ɗayanta nawa take? Ta saman bayanta ƙwayar ta wuce.

13/ Na sake saiti a mita 25, wannan karon kwalin yana jingine da buhunan yashi a gindin tsohon bangon ƙasa. Ga abin da na samu a tawa: wajen mita 12 tana tsakiya, a 18 ta hau da abin da bai kai santimita 1 ba, a 25 ta dawo tsakiya, a 30 ta sauka kamar santimita 1 da rabi. Daga shanyar wake har dalbejiya ba sai na yi wani lissafi ba.

14/ Gafiyar gindin rumbu ce ta ba ni wahala. Kowa zai ɗauka abu na kusa ya fi sauƙi. A mita 5 zuwa 7 ƙwaya ba ta gama hawowa ba, tana bugawa ƙasa da wajen santimita 2, sai ka ɗan ɗaga. Sau biyu ina tayar mata da ƙura a gaban hanci kafin in gane. Ƙarshe dai tarko ne ya kama ta, kada in yi muku ƙarya.

15/ Kada ku kwafi lambobina. Mai 4.5 ƙwayarsa ta fi gudu, layinta ya fi miƙewa, yana iya kai saitinsa mita 30. Tsayin ƙafar madubi yana canza lissafin. Ko gwangwanin ƙwaya ka canza, wurin faɗawa yana iya matsawa. Ka harba biyar-biyar, ka duba tsakiyar tarin, sannan ka murɗa. Mai murɗa saiti bayan kowace ƙwaya ɗaya zai yini yana bin inuwarsa.

16/ Wani abu da ya cinye mini ƙwaya a banza: yawancin madubai an rubuta 1/4 a kan abin murɗawa. Wannan ƙas ɗaya kusan milimita 7 ne a mita 100. A mita 25 bai kai milimita 2 ba. In kana son matsar da santimita 2, ƙas goma sha ɗaya za ka yi, ba uku ba. Ni ina yin uku in ga ba abin da ya motsa, in ce madubin jabu ne.

17/ Kuma mai sifirin tana da hali. In ka danne ta da ƙarfi ko ka ɗora ta kan dutse, wani wuri za ta kai. Riƙo sako-sako, iri ɗaya kullum. Girgizarta tana kwance sukurori, ka riƙa dubawa. Kada ka yi saiti da iskar hunturu tana kaɗawa, ka bari sai sassafe ko dab da magariba.

18/ Ga 'yan yankinmu musamman: dokar makamai ta Najeriya ta sa bindigar iska cikin waɗanda ake nema wa lasisi wurin 'yan sanda, ba kayan wasan yara ba ce. Daga nesa kuma, da madubi a kanta, ba mai bambance ta da ta gaske. Sojoji suna sintiri, ga jami'an tsaron al'umma da gwamnatin Katsina ta ƙaddamar a 2023. Tawa ba ta fita ƙofar gida. Mai unguwa ya san da ita.

19/ Na koma wurin Kawu da kwalayena huɗu, kowanne na rubuta nisansa. Ya jujjuya su, ya sa ɗan yatsa a hujojin. Ya ce, "Katangar fa?" Na ce mita 19 ce, tana cikin saiti. Ya ce, "Ba nisanta na tambaye ka ba. Me ke bayanta?"

20/ Ya ba ni bindigar bayan sati biyu, da sharaɗin duk abin da ya sauka a katangar nan ya ci bulus. Yanzu sai wanda ya sauko ƙasa wurin shanya, inda bangon rumbu ke bayansa. Kurciyoyin kamar sun gane, a katangar suke jeruwa suna kallona. Tsohuwar jarkar tana nan a gidan maƙwabtan, an liƙe hujin da narkakkiyar roba, da ita yarinyar ke zuwa ɗibar ruwa tana wucewa ta ƙofar zaurenmu.