Durowar Baba da Daminar 1988

A gidajen Daura na shekarun 1980 kayan katako ba su da yawa, amma kowanne da ƙimarsa. Mata suna da kabad ɗin jere inda ake shirya kwanuka da tangaran, mai hali kuma ta ƙara da sif. Namiji kuwa, in malamin makaranta ne ko ma'aikacin gwamnati, abin tinƙahonsa tebur mai aljihu. Na mahaifinmu na madaci ne, durowa biyu, hagu da dama. A ta dama yake ajiye takardun gona da na aiki, da tsofaffin rasit na haraji waɗanda ya ƙi zubarwa ko bayan da gwamnatin Balarabe Musa ta soke harajin a 1979, lokacin Daura tana cikin Jihar Kaduna. Babu ƙarfe ko ɗaya a hanyar durowar. Katako ne ke gogar katako, a kan wasu siraran sanduna biyu da aka kafe daga ciki.

Teburin bai taɓa ba mu wahala ba sai a daminar 1988. Bayan farin 1983 da 1984 mutane sun saba da ƙarancin ruwa, sai ga Agustan wannan shekara ya zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya. A rediyo muka ji madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle a Jihar Kano. A unguwarmu katangun ƙasa suna ta zubewa, gishiri ya jiƙe a kwano, ashana ta ƙi kamawa. Ana cikin haka Baba ya tashi da shirin zuwa Katsina, wadda ta zama babban birnin sabuwar jiha a Satumban 1987, zai kai wasu takardu. Ya ja durowar dama, ta ce ba ta san zance ba. Yayanmu ya ɗauko wuƙa zai ɓanɓare ta, Baba ya daka masa tsawa, ya aike ni in kira wani dattijo da duk unguwa ke ce wa Baba Kafinta.

Da ya zo, bai buɗe jakarsa ba tukuna. Ya durƙusa ya shafa gefen teburin, ya ƙwanƙwasa nan da can yana saurare. Ya ce a kawo kasko da ɗan garwashi, ya ajiye a ƙasa nesa da ƙafafun teburin, yadda ɗumi kawai zai riƙa hawa. Suka zauna da Baba suna hirar gero da ambaliya. Can an jima ya zare durowar hagu, wadda ke fitowa da ƙyar, ya zura hannu ta gurbinta ya tura ta dama daga baya, ɗaya hannun yana girgiza ta a hankali. Sai ga ta ta fito tana ƙara.

Abin da ya yi bayan nan shi ne ya zauna mini a rai. Ya karɓi alli a hannuna, ya goga a sandunan ciki da bangon gurbin, ya mayar da durowar ya sake zarowa. Duk inda katako ke cije katako, farin alli ya fito a jikinta, wuri biyu kacal, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba. Nan kaɗai ya bi da sanfefa da ya naɗe a guntun katako.

Yaya ya ce, "Baba, me zai hana a kankare gefen gaba ɗaya a huta?"

Baba Kafinta ya ce, "Kai yaro, garin gyaran gira ake rasa ido. Katako da ka gani, ko an sare shi bai daina shan iska ba. Yanzu ya ƙoshi ne. In ka rage shi daidai da damina, hunturu na zuwa zai tsuke, durowa ta riƙa rawa a gurbinta. Abin da sanfefa ta ci kuwa ba ya dawowa."

Daga baya na gane gaskiyarsa. Katako yana kumbura ne ta faɗi da kauri, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Shi ya sa durowa ke cijewa ta gefe da sama. A ƙasa irin tamu kuma, inda iskar Agusta ke cike da danshi ta Janairu kuwa take fasa leɓe, tazarar kumburi da tsukewa tana da yawa.

Da ya gama, Inna ta aiko da man gyaɗa a murfin kwalba a shafa. Ya yi dariya ya ɗaga murya yadda za ta ji daga tsakar gida: "Hajiya, a mayar da shi tukunya. A ba ni guntun kyandir." Ya ce mai yana nutsewa cikin katako, ya kama ƙura ya zama danƙo, ya yi wari, ga kiran tururuwa. Kaki kuwa a sama yake zama, busasshe, ƙura ba ta manne masa. Ya goga kyandir a ƙasan gefunan durowar da kan sandunan, ya tura ya jawo har wurin ya ɗauki sheƙi. Ya ce in babu kyandir kakin zuma ma ya fi, busasshen sabulu kuma na wucin gadi ne, don yana jan danshi. Kafin Sallar Gani, wadda ta faɗo a Oktoban shekarar, zamanin Sarki Muhammadu Bashar, da yatsa ɗaya ake jan durowar.

Tun daga nan abin ya zama al'adar gidanmu. In hunturu ya kama, a zare durowoyi a juye, a kakkaɓe jar ƙurar da ta taru a lungu, wadda ita ke cin katako a hankali har sandunan su yi kwari. A duba haɗin kusurwa, don lokacin ne gam ke saki. In damina ta matso, a sake goga kyandir, a janye tebur da sif daga jikin bango, a leƙa bayansu ko gara ta fara gini.

Da na tashi aurar da 'yata, duniyar kayan ɗaki ta sauya. Daga Kano aka ɗauko su, ta hanyar Kazaure: gado da sif da madubi, duk na katakon nan da ake matsawa daga gari da gam, wanda kafintoci ke kira MDF. Ranar jere mata sai guɗa suke, durowoyi suna sulɓi a kan layin ƙarfe mai ƙananan boris. Hunturu biyu bai cika ba ta kira ni: "Baba, durowar madubina ta ƙi rufuwa, ta ƙasan sif kuma ta karkace." Ashe da ta fara jin ƙara, wata maƙwabciya ta ba ta shawarar ɗiga man girki.

Saurayin kafintan da na kai ya nuna mana wani ɗan harshen baƙar roba a jikin kowane ƙarfe. In an ja durowa har ƙarshe, sai a danna na gefe ɗaya sama, na ɗaya gefen ƙasa, ta zare salin-alin. Wanda bai san da shi ba ya fizga, nan boris ke zubewa. Ya wanke baƙin danƙon da tsohon buroshin haƙori da ɗan kananzir, ya goge tas da tsumma, ya bari ya bushe, sannan ya lakaci giris kaɗan a kan yatsa ya shafa inda boris ke bi. Ya ce ƙarfe ba ya kumbura, amma ba ya yafiya: irin wannan layi yana son tazarar rabin inci a kowane gefe, in sukuru ɗaya ya saki, komai ya goce.

Ta sif ɗin kuwa ramukan sukurun ne suka buɗe, don an cika ta da atamfofi da zannuwan gado fiye da ƙarfinta. Ya tsoma tsinken ashana a gam ya cusa a ramin, ya karya, ya ce sai gobe za a ɗaura. Wani ƙarfen da ya lanƙwashe bai yi wahalar miƙe shi ba, ya auna tsawonsa, inci 16, ya ce a sayo biyu, don ba a canja gefe ɗaya a bar ɗaya. Ya kuma nuna mata gindin sif ɗin inda ruwan goge ɗaki ya fara taɓawa. Madaci in ya sha danshi ya kumbura, rani zai mayar da shi. Wannan kuwa in ya kumbura ya tafi ke nan. Ya sa masa ƙananan ƙafafun roba.

Kafintoci biyun ba su san juna ba, zamaninsu ma daban, amma kowanne sai da ya gano inda ciwon yake kafin ya ɗauki kayan aiki, kuma kusan duk abin da suka yi amfani da shi akwai shi a gidan kowa. Mu ne dai ba ma dubawa sai abu ya cije, sannan mu haɗa shi da ƙarfi.

Yanzu in 'yan'uwa za su sayi kayan ɗakin amarya, ni ake tura wa. Ba na tsayawa kallon sheƙi da fenti. Durowa nake zarewa gaba ɗaya in juya ta, in ga kaurin gindinta, in ƙirga sukurun da ke riƙe da ƙarfen, in tambaya ko ana samun irinsa a kasuwa in ya lalace. Masu shago ba su cika son ganina ba, amma iyayen amare suna sa mini albarka.