Ranar da LaTeX Ta Cinye Mini Ƙ da Ɗ

Duk mai tsara littafin Hausa da LaTeX zai gamu da wannan rikici ko ba jima ko ba daɗe. Ni na gamu da shi wajen shirya wani kundi. Da pdfLaTeX na fara, ta tsaya cak a kan ɗ na farko, ta ce ba ta san wannan harafi ba. Sai na koma XeLaTeX, aiki ya tafi sumul, ba ko tari. Da na buɗe takardar, "ƙasa" ta koma "asa", "ɗalibi" ya koma "alibi". Baƙaƙe masu lanƙwasa sun yi ɓatan dabo, kuma manhajar ba ta ce uffan ba.

Wannan shirun ya fi tsayawar farko haɗari, domin da ido bai kai wurin ba, haka za a buga.

Ashe ta faɗa, a inda ba kowa ke leƙawa ba. Akwai fayil mai ƙarewa da .log da take rubutawa duk lokacin da ta yi aiki. Can ciki na tarar da layi bayan layi na "Missing character", wato salon baƙin da ake amfani da shi, Latin Modern, ba shi da harafin. XeLaTeX ta karanta ƙ daidai, zanensa ne ba ta samu ba, sai ta tsallake. Na kira wani salon baƙi, Charis SIL, ta hanyar kunshin fontspec, komai ya dawo.

Tun daga nan, kafin in taɓa babban aiki nakan rubuta ɗan gajeren fayil mai layi ɗaya: ɓ ɗ ƙ ƴ, manya da ƙanana, in fitar da su a miƙe, a karkace, da kuma masu kauri. Wani salon yana da ƙaramin ƙ amma babu babban Ƙ, sai matsalar ta ɓuya a kanun babi. Nakan kuma sa \tracinglostchars=3 a saman fayil, yadda ɓacewar harafi za ta tsayar da aikin.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne shawarar da wani ya ba ni, wai in mayar da ƙ ta zama k', in huta. Donald Knuth ya fara TeX, tushen LaTeX, a 1977 ne saboda bai gamsu da yadda aka tsara littafinsa ba. Ban ga dalilin da zai sa mai rubutun Hausa ya gamsu da guntun harafi ba, alhali tun 2004 XeTeX, wadda XeLaTeX ke aiki a kanta, ta buɗe ƙofar.