Zoben Lilo da Ƙwayar Kashe Ciwo

A gidajen wasan nuna gwaninta na Turai da Amurka akwai wani wasa da ake yi da zoben ƙarfe mai faɗin kusan mita ɗaya, wanda ake ratayewa da igiya. Cikin abubuwan da ɗan koyo ke fara koya akwai zaman da Turawa suke kamantawa da mutum a cikin jinjirin wata: ya shiga zoben, ya jingina bayansa da gefe guda, ya tokare tafin ƙafafunsa da ɗaya gefen, sannan ya saki hannu a hankali. Malamai sukan rataye zoben ƙasa-ƙasa, su shimfiɗa katifa mai kauri, su tsaya kusa.

Wayar hannu ta kawo wasan har garinmu Sara. Wani ɗan yayata ya gani a TikTok, ya sami gargaren keke ya ɗaure a reshen darbejiya. Bayan kwana biyu ya zo wurina kafaɗa a sage, bayan gwiwa ya yi kwanciyar jini, yana cewa, "Kawu, a ba ni mai ƙarfi, gobe zan koma." Wasan bai dame ni ba, domin lilo ba baƙonmu ba ne, kuma masu rawar Koroso a Kano sun daɗe suna lanƙwasa jiki. Ƙwayar da ya roƙa ce ta tayar mini da hankali.

A aikina na harhaɗa magunguna a asibiti na fahimci cewa ciwon mai motsa jiki iri biyu ne. Akwai tsamin tsoka, wanda yakan tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72, ya wuce da kansa cikin kwanaki kaɗan. Akwai kuma ciwo mai suka a cikin gaɓa, wanda ke zuwa nan take, sau da yawa tare da kumburi. Na biyun gargaɗi ne cewa jijiya ko gaɓa ta taɓu. Hausawa sun ce jiki magayi, to wanda ya toshe bakin magayin da ƙwaya ya sake hawa, zai ɗora nauyinsa duka a kan raunin da ba ya ji.

Mafi haɗari shi ne tiramadol. Yana kawo jiri da gyangyaɗi, wani lokaci har da jijjiga irin ta farfaɗiya, ga kuma sabo mai wuyar bari. Mai jiri kuwa ba shi da abin yi a kan reshe. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ma ta haramta shi a lokacin gasa tun daga Janairun 2024.

Idan tsamin ya hana barci, farasitamol ya wadatar, amma babba kada ya wuce giram 4 a yini, yaro kuma gwargwadon nauyinsa ake ba shi. Ibufurofen da daikulofenak dangi ɗaya ne, ba a haɗa su, ba a shan su da yunwa, kuma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya nisance su. Kowanne aka sha, don a huta ne, ba don a koma lilo ba.

Iyaye, wanda ya faɗo ya bugu a kai ko wuya, ko ya yi amai, ko hannunsa ya mutu, kada a ja shi, kada a fara da mai ɗori. A tallafe wuyansa kada ya motsa, a kai shi asibiti mafi kusa, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

Yaron nan ya huta mako guda ba tare da ƙwaya ba. Mun yi sharaɗi da shi: ba reshe, ba gargaren keke, sai ya fara ƙarfafa hannu da kafaɗa a ƙarfe mai kafe wanda ƙafarsa ke taɓa ƙasa, da babba a kusa. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya ƙara mana lafiya.