Ruwan Tulu da Hadari

A Ɗanzomo, cikin ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, akwai wani matashi mai shagon buga takardu, wanda kuma yake riƙe wa wasu masu sayen riɗi lissafinsu. Kowace Alhamis, kafin su kama hanyar kasuwar Maigatari, sukan biyo su karɓi takardar da ke nuna wanda ya biya da wanda ake bi bashi. Duk wannan amana tana cikin tsohuwar kwamfuta mai aiki da Linux.

Da kwamfutar ta gaji, ya sayo wata daga Kano, ya mayar da tsohon faifan ajiyarsa cikinta. Komai ya tashi, in ban da intanet. Matsalar tana ga kanel, wato zuciyar babbar manhaja, wadda ke shiga tsakanin na'ura da sauran manhajoji. Nasa shi ne 3.13 na shekarar 2014, ba shi da direban da zai gane kayan da aka ƙera bayansa. Maganin shi ne ƙaura zuwa 6.8 na 2024: tsallen shekara 10 a dare ɗaya.

Linus Torvalds, wanda ya fara Linux a 1991, ya daɗe yana tsaye a kan ƙa'idar cewa sabon kanel ba zai karya manhajojin da mutane ke amfani da su ba. Amma ƙa'idar ba ta shafi direbobin da aka ɗora daga waje ba, domin su an gina su ne daidai da tsohon.

Saboda haka matashin bai taɓa komai ranar Laraba ba. Ya bari kasuwa ta ci ta watse, ya kwafe lissafin a wurare biyu, ya cika batir, sannan ya girka sabon kanel ba tare da goge tsohon ba. Da ya sake kunnawa, sai allo ya yi baƙi ƙirin: direban hoto ya ƙi. Ya koma jerin zaɓi na GRUB, ya zaɓi 3.13, kwamfuta ta farfaɗo. Kwana uku ya yi yana gyara kafin sabon ya zauna.

Ba a zubar da ruwan tulu don ganin hadari. Alhamis ta zagayo, masu riɗi suka karɓi takardarsu, ba wanda ya san abin da ya faru.