Takobi biyu a Takieta

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ya san Takieta, ko da bai sauka ba. Nan ne mararraba: hanya ɗaya ta miƙe gabas, kimanin kilomita 50 zuwa birni, ɗaya ta karya kudu ta bi Kance da Matamai har iyaka, daga nan sai Daura da Kano. Abin da duk ya fito Kano, alheri ko akasinsa, sai ya sha ruwa a nan kafin ya shiga birni. Ta wannan hanya ce wata tsohuwar na'urar wasan bidiyo ta iso cikin kwalin sabulu, aka girka ta a wani shago mai rufin kwano bayan tasha, da tele da benci uku da injin kuran mai yawan tari.

A garin akwai wani dattijo, tsohon mushen lakwal, wanda ya yi shekara talatin da ƴan kai yana riƙe da alli a ƙauyukan Damagaram kafin ya aje aiki. A ɗakinsa, bisa ƙusa, akwai takobi cikin kube na jar fata wadda tsufa ya mayar baƙa. Gadon gida ne. Abin da aka faɗa masa tun yana yaro shi ne kakansa ya rataya shi ranar Tirmini.

Wata safiya ɗansa, mai kantin shinkafa da mai da sukari a bakin hanya, ya zo masa da ƙara. Kwana da kwanaki ciniki ba ya cika: yau dala ashirin ta ɓace, gobe dala arba'in. Da ya sa ido, sai ya gane ɓeran na gida ne, wato ɗansa na fari, yaro ɗan shekara 15 da ke ajin ƙarshe a kwaleji, wanda jarrabawar BEPC ke jira. Ya bi sawunsa har shagon bayan tasha, ya tarar da shi ido a kan tele, yana saran mutane da takobi.

"Baba," in ji shi, "ba kuɗin ne suka fi damuna ba. Yaron nan sara da suka yake koyo. Yau a tele, gobe a Kara-Kara."

Tsoron nasa ba na banza ba ne. Mutanen yankin sun san labarin ƙungiyoyin samarin birni da ake kira pale, masu ɗaga ƙarfe da yawo da adda, waɗanda Aisha Maki ta yi fim a kansu a 2021, a unguwar Kara-Kara. Uban da ya ga ɗansa na murna da sara, ko a hoto ne, dole gabansa ya faɗi.

Sai dai tsohon mushe yana da wata ɗabi'a da ya ɗauko daga aji: ba ya ba da maki ga takardar da bai karanta ba. Bayan la'asar ya ɗauki sandarsa ya nufi shagon. Yara suka yi tsit, wasu suka sulale. Jikan ne kawai, da yake akwai wasa tsakanin jika da kaka, ya matsa masa a benci ya ce, "Tsoho, ka zo a kashe ka ne?" Ya ce, "Abokina, yi abinka, kallo na zo."

Ranar farko bai ga komi ba sai walƙiya da ƙara. Wani saurayi mai farin gashi da jar riga yana tsalle, takobinsa ya kusa kai tsawonsa, dodanni na faɗuwa ta ko'ina. Na'urar, PlayStation 2 ce, wadda kamfanin Sony na Japan ya fitar a 2000, ya sayar da fiye da miliyan 150, ya daina ƙera ta a farkon 2013. Abin da ya tsufa a can shi ne sabo a bayan tasha. Wasan kuwa Devil May Cry ne na uku, na 2005. Abin da ya fara jan hankalin dattijon wani harafi ne da ke sauyawa a kusurwar tele: D, sai C, sai B, sai ya sake faɗowa. Ya tambaya, aka ce maki ne. Ashe na'urar ba gawa take ƙirgawa ba, salo take aunawa. Wanda ya yi ta maimaita sara iri ɗaya, ko da yana cin nasara, makinsa ba ya hawa. Sai ya sauya hannu, ya kauce, ya haɗa wannan da wancan ba tare da an taɓa shi ba, sannan ya kai A, ya wuce zuwa S. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana faɗa da hadda marar fahimta, ya ga inji yana hana maki ga mai hadda. Ya gyara zama.

Ya koma rana ta biyu da ta uku, kuma a nan ne ya daina kallon tele ya koma kallon yatsun yaron. Irin waɗannan wasanni suna zana hoto 30 ko 60 a cikin sakan guda. Ɗan Adam kuwa, daga lokacin da idonsa ya ga abu zuwa lokacin da yatsansa ya motsa, yana cin kusan rubu'in sakan, wato hoto 15 cikin 60 sun riga sun wuce. Lissafin a fili yake: wanda ya jira ya ga takobi ya sauko, ya makara. Shi ya sa masu tsara wasan suke sa kowane abokin gaba ya yi wata alama kafin ya kai sara, ko ya ɗaga kafaɗa, ko ƙarfensa ya yi ƙyalli, ko ya yi wani gurnani. Gwanintar duka tana ga karanta wannan alama. Yaron da ake gani kamar ya haukace da danne-danne, a gaskiya jira yake yi, jira na ƙiftawar ido. Idan kuma saran ya sauka daidai, hoton kan tsaya cak na ɗan abin da bai kai a lura ba, abin riƙon da yara ke kira manet ya girgiza a tafin hannu, sai jiki ya ji kamar ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Dabara ce aka ƙulla da gangan, kuma tana kama babba kamar yadda take kama yaro.

Wannan jira dattijon ya san shi, domin shi mutumin kokowa ne. Yana saurayi aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, kuma ya sha zama a filin Langa-Langa na Damagaram. Ƙarti biyu su sunkuya, su yi ta taɓa hannu da goshi minti biyar, minti goma, baƙo ya ce ba abin da ake yi. Sai ɗaya ya ɗan saki nauyinsa a ƙafar da ba ta dace ba, kafin makaɗi ya sauke hannu an yi kaye. Dubban mutane ba don faɗuwar suke shan rana ba, don wannan ƙiftawar ce. Abin da ake miƙa wa sarkin kokowar Nijar kuma, kowa ya sani, takobi ne.

Akwai abu na biyu, wanda ya fi na farko nauyi a zuciyarsa. Ya ƙirga sau nawa wani dodo mai kai uku ya kashe jikansa a yammaci guda: sau goma sha ɗaya. Kowane karo yaron ya san abin da ya kashe shi, kuma kowane karo yana ƙara ɗan nisa. A na goma sha biyu dodon ya faɗi, benci ya kaure da ihu. Babu wanda ya tambayi yaron ɗan wane ne, babu takardar da aka ce ya dawo gobe ya karɓa. Ya yi kuskure, an hukunta shi nan take. Ya gyara, an biya shi nan take. Dattijon ya tuna ɗalibansa na da, masu diplom a cikin jaka, waɗanda suka yi konkur sau uku sau huɗu, wasu suka ƙare a kwantaragi suna jiran albashi, wasu a kan kabu-kabu, wasu a fada suna dafa shayi. Yayyen wannan yaro ne, yana ganinsu kullum. To in aka ce masa ya yi haƙuri ya yi karatu, sakamako na nan tafe bayan shekara goma, ga kuma wani wuri da ake biyan ƙoƙari kafin a ƙifta ido a kan dala goma, ba sai an yi duba ba kafin a san inda ƙafarsa za ta nufa. Ma'aikacin da ya taɓa jiran ƙarin girma, da ɗan kasuwar da ya taɓa bin bashi a ofis, bai kamata wannan ya ba su mamaki ba.

Saura tambaya guda: me ya sa takobi? Wasannin bindiga sun cika salula, amma a wannan benci takobi ne sarki. Tun 1989 wani Ba'amurke, Jodan Mekna, ya fitar da Prince of Persia, inda ya ɗauki ƙanensa a bidiyo yana gudu da tsalle, ya bi hoton ya zana, faɗan takobin kuma ya kwafo shi daga wani fim na Robin Hud na 1938. Shekara talatin bayan haka, a 2019, Sekiro na mutanen Japan ya ci kyautar wasan shekara, shi kuwa kusan dukansa a kan tare sara da takobi a daidai lokacinsa aka gina shi. Ƙasashen da suka ƙera jirage masu jefa bam daga inda ido ba ya kaiwa, su ne ƴaƴansu ke biyan kuɗi don su tsaya gaba da gaba da abokin karawa, tsawon hannu guda tsakani.

Amsar, a ganin dattijon, tana nan kusa, a kan hanyar birni. A ƙarshen watan Yuli na 1899 Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ya fito da rundunarsa ya tari sojojin Faransa a Tirmini. Ragowar ayarin Bule da Shanuwan ne, waɗanda suka ƙone garuruwa tun daga Birnin Ƙonni, suna ƙarƙashin Laftana Paliye. Kada a ɗauka Damagaram ba ta san bindiga ba. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ana zuba igwa a birni. Amma bindigar Nasara ta fi sauri, ta fi nisa. Aka watse a rana guda, birni ya faɗi, sarki ya fita, aka kashe shi a watan Satumba. Barden da ya yi shekara ashirin yana koyon karanta kafaɗar abokin gaba, harsashi bai ba shi zarafin karanta komi ba. Abin da waɗannan wasanni ke sayarwa shi ne duniyar da ta ƙare a wannan rana, inda gwani ke cin gwaninta, ba mai dogon makami ba.

Wannan bai wanke shagon ba. A rana ta huɗu aka sa wani faifai, God of War na 2005, wanda a Turai aka rubuta a kwalinsa cewa na ƴan shekara 18 ne. Faifan bayan tasha ba shi da kwali. Jini kamar mahauta, fille kai, gumakan Girkawa, har da tsiraicin mata, ga yara ƴan shekara takwas a gaban benci baki buɗe. Dattijon ya miƙe, ya kira mai shagon gefe, tsohon ɗalibinsa ne, suka yi magana wadda ba ta yi tsawo ba. Sannan akwai lokaci. Abin da ke biya nan take yana sa abin da ke biya a hankali ya zama ba daɗi, lissafi da Faransanci kuwa a hankali suke biya. Hukumar lafiya ta duniya ma ta sa kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019. Kuɗin kanti kuma sata ce, ko dala ɗaya ce.

Hukuncin da ya yanke bai gamsar da kowa ba. Yaro zai biya abin da ya ɗauka da ɗaukar buhu a kanti ranar kasuwa. Zai je shagon ranar Lahadi kaɗai, da kuɗin da kakansa zai ba shi, in an ga littafinsa. Uban ya so a hana gaba ɗaya, ya ce, "Baba, kai da ka fasa mana bulala a jiki, yau kai ne lauyan wasa?" Tsohon ya ce shi bai ga mai koyon kisa a bencin nan ba, ya ga mai koyon haƙuri a wurin da bai dace ba, kuma in aka rufe masa wannan ƙofa da ƙarfi, fada na nan a buɗe. Uban ya tashi bai ce ya yarda ba.

Da dare ya kira jikan ɗakinsa, ya sauko da takobin daga ƙusa. Sai da suka sa man gyaɗa a bakin kube kafin ya fito. Miƙaƙƙe ne, mai kaifi biyu, siriri, bakinsa a zagaye, da ƴan alamomi kamar jinjirin wata kusa da mariƙi. Yaron ya yi mamakin rashin girmansa. Ya nemi kama shi da hannu biyu kamar yadda ake yi a tele, mariƙin bai ɗauki hannu biyu ba, domin ɗaya hannun na linzami ne da garkuwa. Ya kai sara a iska sau biyar ko shida, wuyan hannunsa ya gaji.

"Kaka, mutum nawa ya kashe a Tirmini?"

"Abin da aka faɗa mini, bai kai ga kowa ba. Dokin aka harbe tun da nisa, ya dawo gida da ƙafa."

Yaron ya juya ƙarfen a hasken fitila, ya bi kaifin da babban yatsa a hankali, yana neman gurbin da wani takobi ya taɓa sara. Ya sami guda biyu, tsofaffi, na wani yaƙin da ba a riƙe sunansa ba. Ya mayar da shi kube, ya hau kujera ya rataye, sannan ya tambaya ko Lahadin nan tana cikin lissafi. Kakan ya ce ya kawo littafin lissafi tukuna.